Na taɓa kwamfutar ofis, Baba zai rasa aikinsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ina aikin taifin a ofishin wata ƙungiyar manoma a Gwarzo, kullum daga Kabo nake zuwa. Kwamfuta ɗaya muke amfani da ita ni da wani dattijo, zan kira shi Baba. Abokin mahaifina ne, kuma shi ya tsaya mini na samu aikin. Tun ranar farko manhajar da muke rubutu da ita take ba ni haushi, an mayar da maɓallan sama manya-manya, an jera su gefe guda, na adanawa a can ƙarshe, na firintin a farko, komai ba yadda aka koya mana a makarantar kwamfuta ba. Ni kuma Allah ya yi ni da rawar kai, ba na iya ganin abu a hargitse in ƙyale. Ranar Laraba da Baba ya tafi jana'iza na shiga saitin na mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, har ina yabon kaina.

Washegari Baba ya wuni yana buga sunayen manoman Madadi da za a raba wa taki. Da ya gama ya kai linzamin kwamfutar inda ya saba danna adanawa, ashe yanzu na rufewa ne a wurin, tambaya ta fito ya danna bai karanta ba, aikin duk ya tafi. Oga ya yi ta faɗa a gaban mutane, wai tsufa ya zo, wai ofis ba gidan hutu ba ne. Ina zaune a wurin, na san ni na jawo masa.

Da aka watse Baba ya kira ni gefe. Ya ce idonsa ya daɗe da yin rauni, ƙananan rubutu ba ya ganinsu, wani ma'aikaci da ya bar wurin tun tuni ne ya tsara masa maɓallan, shi kuma hannunsa ya haddace mazaunin kowanne. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa maganar idon. Sannan ya ce, "'Yata, na dai san wurin nan nake dannawa shekara da shekaru. Ko dai kan nawa ma ya fara tafiya ne?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na yi ƙoƙarin mayar da tsarin a ɓoye, girman ya dawo amma cikakken jerin na manta, jiya ma Baba ya sake kuskure. In na ce wa oga ni na canza, zai tambayi me ya sa Baba bai ga canjin ba, asirin idon ya tonu ke nan. In na gaya wa Baba mu zauna mu gyara tare, ina tsoron ya ɗauka kujerarsa nake nema, domin oga ya riga ya ce ni zan karɓi aikinsa. In kuma na yi shiru, mutum mai iyali zai koma gida yana zargin hankalinsa a kan laifina.

Yau oga ya ba ni takardar sallamar Baba da rubutun hannu, ya ce in buga ta kafin Litinin. Tana cikin jakata. Wa zan fara tunkara, Baba ko oga, kuma da wane baki zan fara?