Ƙwayar da Ta Hana Auta Makaranta

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau. Inna na gaishe ka. Baba ma da ya gaishe ka, in da yana magana da mutanen gidan.

Yaya, na yi ɓarna, kuma wannan karon ba irin ta zuba gishiri a shayin baƙi ba ce. Ka san Auta na ajin ƙarshe na sakandare, jarabawarsu ta fita saura kwana takwas. Ranar Alhamis tana tsakar gida tana haddar darasin ilimin halittu, tana ta maimaita ƙwayar halitta kaza, ƙwayar halitta kaza. Baba ya dawo daga shagon kafintancinsa. Ni kuma da bakina ba ya zama lafiya, na murtuke fuska na ce masa ya kamata ya leƙa makarantar nan, don Auta ba ta da zance sai na ƙwaya, malamarsu da kanta take fito musu da ita, har ɗaki guda aka ware. Na ɗauka zai jefe ni da takalmi kamar kullum, mu yi dariya.

Bai yi dariya ba. Na manta da Baffa Ƙarami, Yaya. Na manta Baba ne ya riƙa bin lunguna yana ɗauko ƙanin nasa, shi ne kuma ya yi masa wanka ranar da shan ƙwaya ya gama da shi. Ya kira Auta ya tambaye ta ko da gaske ana nuna musu ƙwaya a makaranta. Sarauniyar gaskiya ta ce eh. Kafin ta ƙara kalma ya fizge littafin. Turancin bai karantu masa ba, amma ya ga zanen: wasu zagayayyu, wasu dogaye, kowanne da ɗigo a tsakiya, sak abin da ake ɓarewa a kati. Nan take ya ce ta gama boko.

Na rantse na ce wasa nake. Ya ce duk wanda asirinsa ya tonu haka yake cewa, kuma ni da ban wuce allo ba me na sani a kan abin da ake yi a aji. Gaskiyarsa. Baƙaƙen bokon da nake rubuta maka wannan da su ma Auta ce ta koya min. Yau kwana uku ba ta kalle ni ba. Da zagina ta yi da na ji sauƙi.

Ka rubuto masa don Allah, kai yana jin maganarka.

Naka ƙani,
Shaƙiyyin gidanku

Ranar Laraba

Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan ku duka kuna lafiya. Ka shafa min kan yara.

Ban iya jiran amsarka ba. Jiya na roƙi maigidana tela ya ba ni awa biyu, na tafi makarantar na nemi malamar su Auta. Gajeriya ce mai tabarau. Da na ba ta labari ta yi dariya har ta dafa tebur, sai kuma ta tsaya cak, ta ce in Auta ta rasa jarabawar Litinin shekara guda ta tafi. Ta tambaye ni ko ni kaina na san ƙwayar da na yi tsokana da ita. Na sosa kai. Ta ce in biyo ta.

Ɗakin dogayen tebura ne da famfo a jikinsu, da kwalabe a jere, da ƙasusuwan mutum na roba a tsaye a lungu, na yi masa sallama don ladabi. Ta ɗauko wata na'ura mai wuya kamar tsohon keken ɗinki, wai madubi ne mai girmama ƙaramin abu. Ta yanka albasa, ta zare wata fata daga ciki wadda ta fi ledar burodi siranta, ta shimfiɗa a kan ɗan gilashi, ta ɗiga aidin, maganin nan da ake sa wa ciwo, ta ce in sa ido ɗaya.

Yaya, na ga gari. Ɗakuna ne jere da jere kamar bulon da gwanin magini ya ɗora, kowane da katangarsa, kowane da ɗigo ɗaya zaune a ciki kamar maigida. Na ɗago na kalli gilashin da idona, ba komai sai danshi. Na sake leƙawa, garin na nan. Sau biyar ina yi. Ta ce kowane ɗaki shi ne ƙwayar halitta guda, yana ci, yana numfashi irin nasa, yana fitar da datti. Ɗigon kuma shi ne cibiyarsa, daga nan umarni yake fitowa. Albasar da muke yi wa kallon banza, muna zaginta don ta sa mu hawaye!

Sai ta ba ni tsinke mai tsabta ta ce in karci cikin kumatuna a hankali. Ta ɗiga shuɗin ruwa. Nawa ba su da katanga, fata ce kawai siririya, sun baje kamar ƙyallayen da ke zubewa ƙarƙashin teburin yanka. Ta ce na tsiro ne ke da katanga, na mutum da dabba babu. Wai ni da kai da Baba duk daga ƙwaya ɗaya tak muka fara, ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu, har aka samu ƙashi da ido da wannan bakin nawa. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba. Sau nawa muka ji a makarantar allo cewa ikon Allah ya wuce ganin ido, muka gyaɗa kai muna satar gyaɗar juna. Sai jiya na gani da idona.

Na ce mu ƙulla wata dabara a janyo Baba. Ta ce ƙaryata ta isa haka. Amma akwai kujeru shida da suka karye da gaske, za ta sa a kira shi gyara ranar Juma'a da safe.

Ka taya mu addu'a.

Naka,
Shaƙiyyi

Ranar Litinin

Yayana na kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku. Wasiƙarka ta iso jiya, zagin da ke ciki na karɓa, na cancanta.

Baba ya je. Ka san shi da aiki, ko gidan maƙiyinsa ne in kujera ta karye sai ya gyara. Ni na ɗauki akwatin kayan aiki. Da muka isa ya lalube aljihu babu tef ɗin awo, can sai ga Auta da shi a hannu, wai Inna ta tsinta a ƙarƙashin tabarma. Ashe Inna ce ta ɓoye shi don Auta ta biyo mu, a wurinta na yi gado.

Malama ba ta yi masa wa'azi ba. Ta gaishe shi, ta ce kafin ya fara ga ƙwayar da ake zancenta, kuma ɗalibarta ce za ta nuna masa. Fuskarsa ta haɗe, amma bai fita ba. Auta ta zare fatar albasa, ta juya ɗan madubin ƙasa ya kamo hasken taga. Baba ya cire hula ya sunkuya. Ya daɗe. Da ya ɗago abin da ya fara tambaya shi ne wa ya yi wannan jeri haka ba karkata. Auta ta buɗe littafinta ta ajiye kusa da shi, ya kalli zanen, ya leƙa, ya sake kallon zanen.

Shi da kansa ya nemi tsinken. Da Auta ta saita masa nasa, ta yi masa bayani a hankali cewa cikin ɗigon nan ne aka ajiye kamannin da ya gado daga iyayensa, wanda mu ma muka ɗauka daga gare shi da Inna. Bai ɗago ba ya ce, "Wannan ni ne?"

Ta ce, "Kai ne, Baba. Ɗan kaɗan daga cikinka."

Na ga gemunsa na motsi, ban ji abin da yake faɗa ba. Da ya miƙe ya mai da hularsa, ya goge ido ya ce albasar ce. Ya tambayi Malama ƙarfe nawa ake shiga jarabawar, sannan ya ɗauki guduma.

Ni kam har yanzu da ka yake amsa gaisuwata, kuma ya ce wata guda ba zan yi magana a tsakar gida ba sai an tambaye ni. Auta ta fara zagina tun Asabar, alhamdulillahi. Yau da safe Baba bai buɗe shago ba sai da ya raka ta har bakin ƙofar makaranta. Yanzu haka da nake rubutun nan tana ciki.

Ka gaida Anti da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka da aka rufe wa baki,
Shaƙiyyi