Farin Dutsen da Inna ta Bi

Zuwa ga Kawu Agali, a Marsai.

Kawu, yaushe rabonka da taka kwazazzabonmu da ƙafarka, har ka samu bakin gaya wa duniya cewa hanya ce mai sauƙi? Riƙe tambayar tukuna, kada a ce ɗan 'yar'uwarka ya faɗo maka gida ba sallama. Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Gwaggo Lalla da yara. Allah ya tsare ku daga sanyin ƙasar nan da kuke ciki, ya sa albarka a nemanku. Mu a nan dabino ya fara ja, ƙanwata Takna ta yaye ɗanta, an yi ruwa a kan duwatsu har tafkunan ƙorama sun cika. Kowa lafiya, ban da mutum ɗaya, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami.

Inna ce, yayarka Tinalher, wadda ta goya ka. Tana kwance da karyayyen ƙugu. Ta sa na yi alkawari ba zan faɗa maka a waya ba, wai kada hankalinka ya tashi a ƙasar mutane. To, ban faɗa a waya ba, ga shi a takarda. Ka san ban zauna a aji ba, a jikin gwangwanin kifi da littattafan da baƙinka suke mantawa na koyi karatu, saboda haka idan rubutun ya yi kaushi ka yi haƙuri da shi, amma ka karanta har ƙarshe.

Bari in tuna maka abin da ka sani, tunda da alama ruwan Marsai ya wanke shi. Tun kakanni, duk inda bangon kwazazzabo yake da wurin hawa, akan ɗora duwatsu ɗaya kan ɗaya a gindinsa, a sa fari a sama. Tsibin nan magana ɗaya yake yi: idan ka ji ruwa, hau ta nan. Mu ruwanmu ba ya jiran hadari ya haɗu a kanmu. Sai a yi shi can bayan duwatsu, kai kana nan rana tana dukanka, sai kawai ka ji ruri kamar garken raƙuma ya ɓalle. A lokacin ba tunani ake yi ba, fari ake nema a ruga. Kai da kanka ka ba ni labarin yadda Inna ta ja ka da wuyan riga zuwa irin wannan tsibi kana ƙarami.

Da ka fara turo mana baƙi masu yawon ƙafa, na yi murna, ni ne ma mai yi musu jagora. Cikin ƙorama shimfiɗe yake, ga inuwa, ga ruwa, tsohuwa da sandarta ma tana bi. Sai ka yi bidiyon nan naka, kana tsaye a ɗaki da rawanin da ba ka iya naɗawa kuma, kana cewa al'adar mutanenmu ce duk wanda ya bi ƙorama ya ɗora duwatsu don tunawa, ya sa fari a sama. Ka sa aka rubuta haka a allon da aka kafa a bakin hanya. Wace al'ada, Kawu? A wane tanti ka ji ta? Na hana baƙi, suka nuna mini fuskarka a wayoyinsu. Wata ma ta dafa kafaɗata ta ce ai ni yaro ne, ban san gargajiyarmu ba. Na turo maka saƙo, ka amsa da cewa in rage zafin kai, duwatsu ne kawai, kuma hoto ne yake kawo baƙi. Yau daga tafkin farko zuwa mashigar dabino, tsibi ya fi awakin garin nan yawa, kowanne da farar hularsa.

Ranar da abin ya faru, Inna ta kora awaki ƙasa, wajen matsattsen wurin nan da ba ta cika zuwa ba, don ciyawar sama ta ƙare. Ka san yanar ido ta fara rufe mata gani, fari ne kaɗai yake fito mata sosai. Ta ce da ta ji rurin ba ta ji tsoro ba, don ta hango fari kusa da ita. Ta ruga, ta kai hannu, sai bango sumul kamar bayan ƙwarya. Ta ga wani farin a gaba, ta ruga, shi ma haka. Tana neman na uku ruwa ya same ta. Ya maka ta da dutse, ya tura ta cikin saiwar wani dabino, a nan ta maƙale har ya janye. Tsibin gaskiya, wanda kakanku ya ɗora, yana bayanta kaɗan, ta wuce shi a guje domin an kewaye shi da na wasa. Awakin da suka hau bango da kansu sun tsira. Sauran mun tsinto gawarwakinsu a ƙasa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma namu tsuntsun ya ja ruwa yana Marsai, yayarsa ruwan ya doka.

Ko a kwance bakinta bai mutu ba. Da matan gari suka zo dubiya, ta ce musu ita dai ta gode wa baƙi, sun gina mata ƙofofi da yawa, sai dai sun manta su sa gida a bayansu. Aka yi dariya, ni na fita waje. Da na ambaci sunanka ta ce in kama bakina, wai ɗan ƙaramin ƙaninta bai yi da nufi ba. Har yau ɗan ƙaramin ƙaninta take ce maka, kai da furfura ta cika gemunka.

Washegari na shiga ƙorama zan watsar da su duka. Baba Wantiti, dattijon gari, ya tare ni da sandarsa. Ya ce in ƙafata ta taɓa tsibi ɗaya ba zai ƙara shan shayi da ni ba, domin wanda ya rushe tsibi daidai yake da wanda ya kashe matafiyi, kuma ba a taɓa sauke tsibi ba sai da bakin mai shi. Na ce masa masu shi suna ƙasashensu suna nuna hoto, ko zai ba ni jaki in bi su ɗaya bayan ɗaya? Ya ce ɗan nan, harshenka ya fi ƙafarka tsawo, idan yau an bar ka ka rushe wanda ka ga dama, gobe wani zai rushe na kakanka ya ce kuskure ne. Haushi na ji, amma gaskiyarsa ce. Bazo mai jakuna kuwa, da yake baƙi ne abincinsa, cewa ya yi ruwa ai na Allah ne, kuma in na kori baƙi sai in dafa wa 'ya'yansa littattafaina su ci. Na ce masa ya bari sai ranar da matarsa ta bi fari ta taɓa bango, sannan ya zo mu yi wa'azin ƙaddara. Da ƙyar aka raba mu.

Da aka zauna bayan sallah, na ce mai tsibi ba hannun da ya ɗora ba ne, bakin da ya ce a ɗora ne. Baba Wantiti ya daɗe yana juya kofinsa, sannan ya ce in haka ne mai su ɗaya ne, kuma kowa ya san shi. Ya ce idan Agali ya faɗa da bakinsa, jama'a suna ji, cewa shi ya sa kuma ya yarda a sauke, to dattawa za su shiga ƙorama tare da matasa, a hau kowane bango a gwada, wanda ba shi da mahawa a watsar. In bai faɗa ba, ba mai taɓa ko tsakuwa.

Saboda haka maganar tana hannunka, kuma damina ba ta wuce ba. Kullum da la'asar ina kallon bayan duwatsu yana yin baƙi. Tun da Inna ta kwanta, Takna ce take kora sauran awakin, da ɗanta a gefe, kuma ciyawa tana ƙasa, a wurin nan dai. Baƙin da ka ce suna tafe ba zan shiga da su ba. Allonka ma na cire shi. Ka san ɗan 'yar'uwa yana ɗaukar abin da ya so a kayan kawunsa ba a ce masa ɓarawo. Wasu raƙumi suke ɗauka, ni allo na ɗauka, yana ƙarƙashin shimfiɗar Inna don ƙugun ya samu wuri mai tauri. Karon farko ke nan da ya yi wa wani amfani.

Ka gaishe mini da Gwaggo Lalla, da Anir, da 'yar auta Silya. Takna tana gaishe ku. Inna ma da ta san ina rubutu da ta ce a gaishe ka, ta ƙara da tambayar ko kana cin abinci.

Kada ka kira ni a ɓoye ka lallashe ni, kuma kada ka turo magani ka ɗauka ka amsa. Ranar Juma'a, da an sallame, zan tsaya a ƙofar masallaci in kira ka, in buɗe murya in ɗaga wayar sama. Baba Wantiti zai kasance a wurin, da Bazo, da duk wanda yake da mai kiwo a ƙorama. Tambaya ɗaya zan yi maka: tsibin nan na wane ne? Ka amsa kowa ya ji. In kuma ka bar ta tana ƙara, ita ma kowa zai ji.

Ni ne ɗan yayarka,
Gumur.