Kowa Ya Ce Mani Da Sauƙi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Illa.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima inda kake. Ni ce Rakiya. Na san wasiƙa ba ta isa kushewa, amma na rasa wanda zan gaya wa wannan magana, kuma kai ka fi kowa haƙƙin jin ta.

Na dawo Dakoro tun farkon kaka, ɗakinka aka ba ni. Igiyarka ta yasar rijiya tana nan rataye, ba wanda ya taɓa. Inna lafiyarta ƙalau. Har yau ba ta faɗin sunanka, kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba ko bayan ranka. "Mai ɗakin nan" take cewa, sai ta tashi ta kama wani aiki.

Ka bar ni ina karatun jinya a Yamai. Bana ce shekarar ƙarshe, wadda kowane ɗalibi zai yi bincike ya rubuta memwar, wato kundin bincikensa, ya kare shi gaban malamai kafin a ba shi diplom. Na zaɓi mutane irinka, waɗanda lakar bayansu ta taɓu ƙafafu suka mutu: wani raƙumi ya kayar, wani moto, wani rijiya. Ina so in san yadda suke ƙarewa bayan an sallame su daga asibiti.

Na tsara abina tsaf. Na ɗauki sunaye da lambobin salula, na rubuta tambayoyi iri ɗaya ga kowa, a jere ɗaya, don kada son raina ya shiga ciki. Malamin da ke duba aikina ya yaba, ni kuwa kaina ya kumbura, ka san halina.

Na yi ta kira. Duk wanda ya ɗauka, da sauƙi. Ciwo? Da sauƙi. Fitsari? Alhamdulillahi. Waɗanda lambarsu ba ta shiga kuwa sai in ware su gefe, in rubuta ba a same su ba. Takarda ta yi kyau, har na fara tunanin ɗinkin da zan sa ranar karewa.

Sai na kira wani dattijo, Malam Abdu, can wajen Adjekoria. Da na gama tambayoyina ya ce, "Sauƙi ya samu, ɗiyata. Kar ki damu kanki, ki yi karatunki."

Yaya, na ajiye salular a kan tabarma, na daɗe ban iya ɗaukarta ba. Abin da kake gaya mani ke nan duk Juma'a in na kira ka.

Ka tuna daminar. Igiya ta tsinke da kai a wata rijiya ta wajen Tagriss, aka kai ka Maradi, aka dawo da kai kwance. Likitoci sun ce a riƙa juya ka a kai a kai, a duba bayanka kullum. To wa zai duba? Matarka Zainabu ta tafi gidansu haihuwar fari. Maza duk suna gona. Inna ce kaɗai a gida, ita kuwa fura take ajiye maka a bakin ƙofa ta juya. Kai ma da ta matso za ka ja bargo.

Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ka jin komai, shi ya sa ban ce ƙarya ka yi mani ba. Ranar da na zo hutu na sa Kawu Mani ya juya ka, gyambon kwanciya ya riga ya kai ƙashi. Ba ka yi sati biyu ba bayan nan.

Na zauna na yi tunanin inda za ka faɗa a takardata. Da an kira ka kana da rai, cikin masu sauƙi za a sa ka. Da an kira bayan rasuwarka, lamba ba ta shiga, sai a ware ka gefe. Ta kowace hanya bincikena ba zai taɓa ganin abin da ya kashe ka ba.

Na gaya wa malamina zan sake tsarin tun daga tushe. Ya ce in na yi haka ba zan kare bana ba, sai baɗi, kuma abin da ke hannuna ma ya isa a ba ni diplom. Na ji haushinsa, ko da yake gaskiyarsa ce ta wannan gefen. Na kwana uku ina juya abin, sannan na tattara kayana na hau mota.

Yanzu gida-gida nake bi. "Yaya jiki" ta koma gaisuwa, ba na rubuta amsarta. Tambayata ita ce wa ya juya ka yau, da wane lokaci, wa ke wanke shimfiɗa. Mai jinya ina jan ta bayan darni mu yi magana mu biyu, don gaban mara lafiya ita ma da sauƙi za ta ce. In sun yarda a duba jiki, ni nake duba mata, Hamidu, wani ma'aikacin jinya da ke raka ni, shi ke duba maza. Kuma da waɗanda na ware gefe na fara. Wasu makiyaya ne sun tashi, sai ranar kasuwa ake samun labarinsu. Wasu kuwa sai in isa in tarar gaisuwar mutuwa ce ta kai ni. Su ma ina rubuta su.

Kai ka koya mani wannan, ban lura ba. Duk garin da aka kira ka, za su ce rijiyar lafiya lau, ƴar ƙasa ce ta zuba. Ba ka musu da kowa. Sai ka ɗaura igiya a ƙugu ka ce, "To, bari dai in sauka in gani."

Shekaranjiya muka isa gidan Malam Abdu. Matar ɗansa ce ke jinyarsa, ka ga kuwa ba yadda za a yi ta yaye masa zane. Hamidu ya juya shi, sai ga gyambo, bai wuce bakin kofin shayi ba, irin wanda ake iya tarewa. Muka wanke, muka nuna wa ɗansa yadda zai riƙa yi, muka haɗa su da likitar garinsu. Dattijon yana ta yi mani faɗa wai na sha rana a banza, ai ya ce mani da sauƙi. Na zaga bayan rumbu na yi kukana na dawo.

Ƴan ajinmu sun kare memwar ɗinsu jiya. Hotunansu na ta shigowa salulata, kowa da danginsa. Na taya su murna, amma ba zan ɓoye maka ba, na ji kaɗaici ƙwarai. Kai ne ka ce ranar da zan kare za ka zo Yamai ko da a bayan babbar mota ne.

Da la'asar Inna ta tambaye ni abin da ya hana ni gamawa tare da su. Na gaya mata duka, har da Malam Abdu. Ta ci gaba da tsintar wake. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Na ji warin, Rakiya. Kunya ta hana ni ɗaga bargon Illa."

Ban taɓa jin sunanka a bakinta ba sai ranar. Na matsa na taya ta tsintar waken.

Ba ita kaɗai ba ce, Yaya. Ni da nake karanta abin a littafi, wata huɗu ina tambayarka daga nesa, ina jin daɗin amsar. Ka yafe mani da ban sauka na gani ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa jinyar da ka yi ta zama kankarar zunubi, ya haskaka makwancinka. Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya raya abin da ka bari. Gobe garin Bader Goula za mu, akwai wata mata da lambarta ba ta shiga.

Taka ƙanwa,
Rakiya