Jan Katin Josie

Litinin, 6 ga Fabrairu

Shekara biyar ina wannan digiri na uku a nazarin ɗabi'a. Na ci jarrabawa, na cika awoyin koyon aiki a ƙarƙashin malamai, na sha kofi ba adadi. Saura kundin bincike kawai, kuma kundin ya rataya ne a kan Josie.

Shekararta bakwai, ba ta magana. Da aka kawo ta cibiyarmu, duk sanda aiki ya ishe ta sai ta gatsa wa bayan hannunta cizo har jini. Na koya mata miƙa jan kati, wato "ina son hutu". Yanzu wata biyu ke nan ko sau ɗaya ba ta ciji kanta ba. Hannun ya warke sumul.

Na nuna wa Farfesa Brandt, shugaban kwamitin da ke duba kundina, ina jiran yabo. Ko kofinsa bai ajiye ba. "Ya yi kyau, Corinne. Amma wa ya gaya miki katin ne ya hana ta? Wataƙila girma ta yi. Ɗauke katin. In cizon ya dawo, sai ki mayar, mu ga ya sake tafiya."

Ai na sani. Ni kaina na koyar da 'yan aji ɗaya wannan ƙa'idar. A kan allo daɗin faɗa gare ta.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Na ce masa akwai wasu hanyoyin gwaji da ba sai an janye ba. Ya ce akwai, amma hanyoyin suna buƙatar yara uku ko huɗu, ni kuwa ɗaya gare ni. "In kina da wata shekarar da za ki ƙara, ni ba na sauri."

Shi dai ba ya sauri. Tallafin karatuna Mayu zai ƙare.

Talata, 14 ga Fabrairu

Misis Harlan, kakar Josie, ta zo da burodin masara a leda kamar kullum. Na yi mata bayani dalla-dalla, ban ɓoye kome ba: za a sa wa yarinyar safar hannu mai kauri, ma'aikaciyar jinya na kusa, in abin ya yi yawa a tsaya.

Ta ce, "'Yar nan, ni ban san karatunku ba. Abin da ke aiki ne za ku cire don ku ga ko yana aiki?"

Na ce haka ne.

Ta yi 'yar dariya. "Marigayi mijina bai taɓa kwance birkin mota don ya gane amfaninsa ba. Amma ke kika warkar da hannun nan. In kin ce a yi, a yi."

Da ma ta zage ni.

Litinin, 20 ga Fabrairu

Ranar farko ba kati. Odell, abokin karatuna, yana bayan gilashi yana ƙirga cizon a nasa ɓangaren, ni ina ciki ina ƙirga nawa, don sai ƙirgenmu ya zo ɗaya ake yarda da shi.

Josie ta duba kan tebur, ta duba ƙarƙashinsa, ta ɗaga min hannu ko na danne katin. Ba ta yi cizo ba.

Talata, 21 ga Fabrairu

Yau ta cire jar safarta ta ƙafa ta miƙo min. Ta gane abin da ake nufi da ja. Tsarin gwajin ya ce kada in kula, sai na kawar da kai na ce, "Josie, jera akwatunan." Ta ajiye safar a kan cinyata, ta jera.

Da muka fito Odell ya ce, "Ke, yarinyar nan ta fi kwamitinki basira. A ba ta digirin mana." Ban yi dariya ba. Ya rage murya: "Kin san in ba ta ciji ba, ba ki da kundi ko?"

Wai ya ga ban sani ba.

Laraba, 22 ga Fabrairu

Ta ciza.

Ta miƙo jar safar, na ƙi. Ta kama hannuna ta ɗora a kan safar, na zare. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kai hannu baki, sama da inda safar hannun ta tsaya, a wuyan hannu. Ma'aikaciyar jinya ta ce shaidar haƙora ce kawai, fata ba ta fashe ba.

Ƙirgena da na Odell sun zo ɗaya cif.

Ba wanda zai karanta wannan, bari in rubuta. Lokacin da haƙoranta suka sauka, kafin tausayi, kafin kome, wani sanyi ne ya ratsa ƙirjina. Daɗi na ji. Bai daɗe ba, amma na ji shi.

Juma'a, 24 ga Fabrairu

Ya isa, in ji Farfesa. Litinin a mayar da kati. Misis Harlan ta ce Josie ta fara cizon har a gida, wurin cin abinci. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai kawo burodin.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Na kare kundina. Zanen sakamakon ya fito kamar na cikin littafi: sama, ƙasa, sama, ƙasa. Wata cikin 'yan kwamiti ta ce ta daɗe ba ta ga bincike mai tsabta irinsa ba. Farfesa Brandt ya miƙo min hannu: "Barka, Dakta." An yanka kek. Mama ta kira daga gida tana kuka, wai farkon dakta a zuri'armu.

Ba wanda ya tambayi labarin jar safar, tunda babu ita a cikin abin da ake ƙirgawa.

Talata, 2 ga Mayu

Josie ta daina cizo sarai. Da Odell tana aiki mai tsawo kafin ta nemi hutu, har dariya take masa.

Ni kuwa, ina buɗe ƙofa take miƙo katin. Ban zauna ba, ban fito da akwatuna ba, ban ce uffan ba. Hannu a miƙe, fuska a bango. Tsarin ya ce duk sanda ta miƙa a ba ta hutu nan take, sai in karɓa in fita. Jiya haka, yau ma haka. A ƙirge, wannan amfani ne da kati yadda ya dace, haka kuma muka rubuta shi, ni da Odell.

Cibiyar ta yi min tayin aiki da yara, albashi mai kyau. Na ce musu na fi son ofishin da ake tattara sakamako a bene na uku. Kujerun ɗakin yara ƙanana ne, bayana ba ya jurewa. Haka na gaya musu, kuma sun yarda.