Wanzami da Kunnuwan Laddu

Pietermaritzburg,
9 ga Mayu, 1998

Zuwa ga matata Kogie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Port Elizabeth lafiya, gajiyar mota kuma ta sake ki. Yaya jikin 'yarmu Prenisha? Yaya ɗan jaririn da ya ƙwace mini ke? Ki gaya mini gaskiya ko hancina ya ɗauko, don da na tambaye ki a waya cewa kika yi "yana da kyau" kika yi shiru, ni kuwa na san irin wannan shirun naki. Na koma rubutu ne tun da kin ce ƙarar tarho tana tashinsa daga barci.

Mu nan lafiya lau, ni da karenki. Da kika tafi Laddu ya kwanta bakin ƙofa, ya shimfiɗa dogayen kunnuwan nan nasa a ƙasa, ya ƙi kallona. Da yunwa ta ci shi muka shirya. Ina sa masa yankakkiyar safar nan a ka kafin ya ci abinci kamar yadda kika ce, don kada kunnuwa su faɗa cikin kwano. Sau ɗaya na manta, ya tashi da miya har wuya.

Kin tafi ranki a jagule saboda gasar karnuka ta watan Yuni, na gani ko da ba ki faɗa ba. Takardar nasara ɗaya ta rage masa ya zama zakara a cikin karnukan sifaniyal, irinsa masu dogayen kunnuwa, kin yi shekaru kina bin ta, ga shi furfura ta fara leƙowa a bakinsa. Ke da kanki kika ce in bai samu bana ba, ya wuce ke nan. Da na ce zan gyara shi in kai shi, dariya kika yi har kika zauna kan akwatinki. Ban ji daɗin dariyar ba, Kogie. Mutum ya yi shekara arba'in yana aski, kawunan lauyoyi da direbobi duk sun bi ta hannunsa, a ce kare ɗaya zai gagare shi?

To, jiya na ɗora shi kan tebur a baranda, na jona kilifata, injin askin nan nawa, sai ga motar ƙawarki Tannie Rina tana shigowa da hayaƙinta. Na san ke kika turo ta. Tun daga bakin ƙofa ta ce, "Wanzami, ajiye wannan abin. Kilifa ta taɓa bayan karen nan, ni da kaina zan aske maka gashin baki." Na ce minti goma ne in gama. Ta ce, "E, minti goma ka gama da shi. Gashin zai fito kamar audugar katifa, ƙyallin ya tafi, sai dai ka kai shi gasar tumaki." Ta tuna mini cewa a gidanta aka haife shi, ta san gashin uwarsa da na kakarsa, sannan ta naɗe wayar kilifar ta jefa a jakarta.

Ashe tsiga ake yi. Ta sa mini robar yatsa irin ta ma'aikatan gidan waya, ta nuna mini yadda ake kama mataccen gashi tsakanin babban yatsa da manuniya, kaɗan-kaɗan, a ja shi yadda yake kwance. Na zaci zai yi ƙara. Ko gezau, lumshe ido ma ya yi. Na yi ta tsiga har shayina ya huce, abin da na gama bai fi tafin hannu ba. Na ce mata wannan ba aiki ba ne, horo ne. Ta ce, "Matarka kullum take yi, kai kana ciki kana sauraren ƙwallo."

Ki gaishe mini da Prenisha da mijinta. Shinkafar biryanin da kika bari ta ƙare, na koma burodi da wake, kada ki damu.

Mijinki,
Perumal


Pietermaritzburg,
30 ga Mayu, 1998

Kogie tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso tare da hoton yaron. Hancin nawa ne, ku yi haƙuri, Allah ya raya shi da shi. Na ji daɗi da kika ce Prenisha ta fara zagayawa cikin gida. Ke fa, yaya gwiwar taki? Kada ki riƙa hawa benen nan da kwandon wanki, akwai surukinki.

Umarninki duk na karanta, har wanda kika ja wa layi biyu. Ina taje gezar ƙafafu da ta ciki kullum, ina cire ƙarangiya da yatsa ba da almakashi ba, ba na barinsa ya shiga ciyawar bayan coci. Man kwakwa da hoda kuma ban sa masa ba, ko da yake hannuna yana ƙaiƙayi in na gama, don ban saba sallamar mutum haka kawai ba.

Da za ki ga bayansa yanzu. Tun daga ƙeya har gindin wutsiya gashin ya kwanta lif, in rana ta buga shi sai ki ce zuma. Yatsuna biyu sun yi kanta. Tafin ƙafa kuwa nan na huta, don nan ne aka yarda in riƙe almakashi. Na zagaye su tsaf kamar dagin kyanwa, na share gashin tsakanin yatsu. Tannie Rina ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta juya ta, ta ajiye, ta kunna sigarinta. Kin kuwa san a wurinta wannan yabo ne.

Abokina Zondi har yanzu yana zuwa gida aski ran Asabar, ko da yake gashin da ya rage masa bai cika cokali ba. Makon jiya ya tarar da kare a kan tebur, ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, "Chinsamy, shekara talatin ina zuwa shagonka ba ka taɓa shafa mini kai haka ba. In na yi haushi za ka fara?" Na ce ya jira layi. Da na gama da Laddu, ban san lokacin da na ɗauko madubi na riƙe masa ta baya ba don ya ga ƙeyarsa. Zondi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce zai faɗa a coci. Ya kuwa faɗa.

Tun da na rufe shago ban san abin da zan yi da hannuwana ba, ke ma kin sani. Yanzu da la'asar in na zauna a barandar nan, kare ya ɗora haɓa a hannuna, ina tsiga ina jin 'yan makaranta suna wucewa, raina a kwance yake. Ina jin daɗin aikin nan, ban zaci zan ji ba. Kewarki ce kawai, don kujerarki tana nan kusa da tebur, kuma ba wanda yake ce mini na ja da ƙarfi.

Abu ɗaya ne yake tsaya mini a rai. Gezar kunnensa na hagu ta ɗara ta dama tsawo, kuma bakinta ba a daidaice yake ba, wani silin ya sauko wani ya hau. Na nuna wa Tannie Rina. Ta ce, "Haka ake so. Kunnen sifaniyal ba a son a ga sawun almakashi a kansa, sai ka ce haka Allah ya yi shi. Ka rage ta sama da almakashi mai haƙora, ƙasa kuwa ka ɗauke idonka." Ina ɗaukewa, amma idon yana komawa.

Tana koya mini yadda ake zagaya fili da shi a igiya. Ta ce karen ya iya, ni ne nake tafiya kamar mai neman bas.

Ki shafa mini kan yaron. Ki ci abinci.

Naki,
Perumal


Pietermaritzburg,
21 ga Yuni, 1998

Zuwa ga uwargidana Kogie,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da mai jego da ɗan hancina. Na san jiya kin wuni kusa da tarho. Ban kira ba, don abin da zan faɗa ya fi mini sauƙi a takarda. Laddu bai samu takardar ba. Na biyu ya zo. Yana lafiya, yana nan kwance kan ƙafata, laifin kuma ba nasa ba ne.

Ga yadda aka yi. Mun isa filin da sassafe, sanyi har cikin ƙashi, kowa ya kafa teburinsa ƙarƙashin rumfa yana taza. Na yi masa wanka tun shekaranjiya, na busar da shi a kwance da tawul a baya, ya fito yadda kike so. Mutane suna wucewa suna waiwaye. Zondi ya rako mu da kwat ɗinsa na coci, yana riƙe da fulas ɗin shayi yana gaya wa kowa shi ne manajan kare.

Ana saura kaɗan a kira mu, Tannie Rina ta tafi karɓo mini lambar da ake ɗaurawa a hannu. Na tsuguna gaban Laddu in yi masa duban ƙarshe, irin wanda nake yi wa ango kafin in cire masa mayafin aski. Kunnen hagun nan yana kallona. Almakashina na shago yana aljihun gaba inda ya saba zama. Na ce sili uku kawai zan ɗauke. Da na ɗauke sai na dama ya fi tsawo. Na taɓa na dama. Kin san sauran, kin ga yadda nake da gashin goshin yara. Kafin ta dawo kunnuwa biyu sun daidaita cif, bakinsu a miƙe kamar an aza ma'auni. Wallahi, Kogie, a idona sun yi kyau.

Tannie Rina ta tsaya da lambar a hannu. Ta dubi kare, ta dube ni, ta ce a hankali, "Minti biyar na bar ka, wanzami." Zondi ya ce, "Ai ya yi tsaf, kamar ɗan makaranta ran Litinin." Ta ce ya sha shayinsa.

Muka shiga. Alƙaliyar wata dattijuwa ce doguwa mai farin gashi, ba ta da gaggawa. Laddu ya tsaya mata kamar ya san abin da ake ciki, ya zagaya fili wutsiya tana kaɗawa, ni ma ban yi tuntuɓe ba. Ya doke 'yan ajinsa, aka tara waɗanda suka ci don takardar, ta rage mu biyu, mu da wani baƙin kare daga Durban. Ta dawo ta aza hannu a ƙeyar Laddu, ta shafa har wutsiya, ta sake shafawa. Sai ta ɗaga kunnuwan, ta haɗa su ƙarƙashin haɓarsa, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wanda ya yi bayan nan yana da haƙuri. Wanda ya yi kunnuwan nan kuwa wanzami ne." Na ce, "Ranki ya daɗe, duk ni ne." Na bakin fili suka fashe da dariya, ita ma ta murmusa, sannan ta miƙa wa mai baƙin kare takardar.

Da aka tashi alƙaliyar ta same ni wajen teburinmu, ta ce ba ta jima da taɓa baya irin wannan ba, kuma da an bar kunnuwan yadda suke da ba ta yi dogon tunani ba. Ban san ko daɗi zan ji ko kuka zan yi ba. Na ji kunya ƙwarai, kuma na ji miki ciwo, don na san abin da takardar nan take a wurinki, a hannuna kuma ta zame. Ki yafe mini.

Amma ba a rufe ba tukuna. Akwai gasa ɗaya a ƙarshen Satumba, ita ce ta ƙarshe a bana, Tannie Rina kuma ta ce geza za ta sauko kafin nan in an bar ta ta huta. Kin ce tsakiyar Agusta za ki dawo. Da na kwana na tashi sai na tarar raina ya yi sanyi, har da wani ɗan daɗi da ban yi tsammani ba, don igiyar nan a hannunki ta kamata ta kasance ranar da za a miƙa takardar. Ni zan tsaya bakin fili da Zondi da fulas. Abin da nake roƙo kawai, ki bar mini bayan. Ki ɗauki kai da kunnuwa da duk abin da kike so, ki bar mini tsigar la'asar, ki zauna a kujerarki kina faɗa.

Yau da muka fito coci na bi ta gidan Tannie Rina. Na ciro almakashin daga aljihu, wanda babana ya ba ni ranar da na fara aski, na naɗe shi a hankici na miƙa mata. Na ce ta haɗa da kilifar, kada ta ba ni ko na roƙa, sai ke kin zo kin karɓa da hannunki. Zondi zai yi wata biyu ba aski, ya ce ba komai, dama ba abin da ake yankewa.

Ki gaishe da yara. Ki dawo lafiya, muna jiranki, ni da mai gajerun kunnuwa.

Mijinki mai ƙaunarki,
Perumal Chinsamy