Rigar Shekari

Sabon Gari, Zariya

Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki, yaya aikin gona? Jikarki Diana na gaishe ki.

Na san za ki yi fushi. Rigar nan shuɗiya ta ɗanki Shekari, wadda kika ce in ƙona, ban ƙona ba. Tana ƙasan akwatina tun ranar da 'yan bindiga suka tare su a hanyar Shika, da hudar harsashi a jikinta.

Wasu ɗaliban jami'a masu koyon zane-zane daga Samaru suna bi gida-gida suna roƙon tufafin waɗanda bindiga ta kashe. Za a haɗa su a ɗinke wuri guda, a rataya a mararrabar PZ kowa ya gani. Da farko na kore su, na ce mijina ba kayan kallo ba ne. Sai Diana ta dawo daga makaranta tana tambayata wai da gaske hatsarin mota ne ya kashe babanta. Haka ake faɗa yanzu a unguwa, don ya fi sauƙi a baki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ciro rigar na kai musu da kaina. Ita kaɗai ce shaidata.

Taki,
Jemimah

Mama,

Ina fata kin tashi lafiya. Ni dai ba lafiya ba.

Baba Akinola tela aka ba aikin haɗa tufafin, shi da ya ɗinka wa Shekari rigar tun farko. Jiya na je dubawa. Ga zanen wata Clementina da huda biyu, ga rigar makarantar wani yaro, ga tamu a tsakiya, sumul kamar sabuwa. Ya cike hudar, Mama! Ya yi mata saƙa mai kyau, har sai da na shafa kafin na gane wurin.

Na yi masa tas a gaban jama'a. Tsohon ya sunkuyar da kai yana hawaye. Wai masu sauran tufafin bai san su ba, amma Shekari shi ya auna masa kafaɗa, hannunsa ya ƙi barin rigar a haka. Na ce ya warware, ya ce ba zai iya ba.

Ranar Asabar za a rataya. In ta fita a haka, masu cewa hatsari ne sun yi gaskiya ke nan.

Taki,
Jemimah

Mama,

Barka da Lahadi, ya jiki?

An rataya jiya. Mutane sun cika PZ, har masu acaɓa suna tsayawa, kuma ba mai hayaniya.

Kafin a ɗaga, na ari reza wurin Baba Akinola. Ya miƙo mini, ya juya baya. Diana ce ta riƙe mini rigar. Ban yi lalube ba, ƙasan aljihun hagu ne, daidai inda nake ɗora kaina. Na yanke zaren ɗaya bayan ɗaya har hudar ta koma yadda 'yan bindigar suka bar ta.

Diana ta zura yatsa a ciki. Ba ta ƙara tambayata komai ba.

Ki yafe mini, Mama. Su sau ɗaya suka huda shi, na biyun ni ce.

Ki sa mu a addu'a.

Matar ɗanki,
Jemimah