Tsakuwar Ardo Jabbi da Kwaɗon da Kuka Cire

Zuwa ga Mai girma Babban Darakta, da Injiniya Shugaban Sashen Na'urori na ƙungiyar da nake wa aiki, hedikwata, Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka, ina gaida iyali da duk ma'aikatan ofis, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ne Lawali, mai yi wa shanu allurar rigakafi a ƙarƙashinku, wanda ke zagaya rugagen da ke tsakanin Kaura Namoda da Zurmi da Shinkafi. Shekara tara ke nan ina wannan aiki. Sau uku na rubuto muku a kan maganar nan ta cikin gida. Na farko aka ce ana dubawa. Na biyu ko tari ban ji ba. Na uku aka ce in daina tayar wa ma'aikata da hankali. To, yau na fito fili. Ban kama sunan ƙungiya ba, kuma ba tsoro ne ya hana ni ba. Ƙofar da nake kuka a kanta har yanzu a buɗe take, ba kuwa ni zan nuna wa ɓarawo gidan ba. Kun dai san kanku.

Na ɗaya. Bara kuka turo mana umarni cewa ba za a ƙara ba mu allura ba sai mun kawo sunan kowane makiyayi, da lambar wayarsa, da inda garkensa ke kwana, da yawan shanunsa ɗaya bayan ɗaya. Na gaya muku tun lokacin cewa wanda ya tsara takardar nan bai taɓa zama a ruga ba. Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa. Ko a zamanin da ake kwana da ƙofa a buɗe ba ya faɗa, balle yanzu da kowa ya san abin da ke cikin dajinmu. Kuka ce masu ba da tallafi ne suke so. Na ce to.

Akwai wani dattijo a wajen Gurbin Bore, zan kira shi Ardo Jabbi, ba sunansa ba ne. Idan ya yarda da abu, rugagen yankin duka sun yarda. Idan ya kau da kai, ko ruwa ba za a ba ka ba. Sau huɗu ina zuwa wurinsa a kan takardar nan, ina shan fura ina dawowa hannu banza. A zuwa na biyar ya ja ni bayan ruga, mu biyu, ya ce in rantse babu mai ganin abin nan daga ni sai ofishina. Na rantse da Allah. Duk da haka bakinsa bai iya furta adadin ba. Ya durƙusa ya tsinci tsakuwa, ya ce in cire hulata, ya riƙa jefawa a ciki, kowace tsakuwa ɗaya shanu goma. Sai ya ware 'yan ƙanana a gefe, ya ce waɗannan kowace saniya ɗaya ce, na marayun ƙanensa ne da yake riƙo, in rubuta su daban don hakkin maraya ba ya son cuɗanya. Na ƙirga, na rubuta, na juye tsakuwar a aljihu. Ban san abin da ya hana ni zubar da ita ba, tana nan a cikin gwangwanin madara a ɗakina. Bayan shi, sauran makiyayan suka biyo layi.

Na biyu, kuma nan ne nake so Injiniya ya buɗe kunne. Duk bayanan nan ta imel ɗin ofis muke turo su, su faɗa cikin sabar ƙungiya, wato babbar na'urar da ke riƙe da saƙonninmu da rumbun takardun da muke aiki a kai tare. Ana cikin haka wayoyinmu suka fara nuna jan gargaɗi cewa takardar shaidar sabar ta daina aiki. Wasu tsofaffin wayoyi ma suka ƙi buɗe imel ɗin sam. Muka yi ta kira. Sai Injiniya ya saka saƙon murya a guruf ɗin ma'aikata, yana dariya, ya ce abin ba wani abu ba ne, kowa ya shiga saitin imel, inda aka rubuta nau'in tsaro ya cire TLS ya zaɓi "babu". Ya ce na ɗan lokaci ne, kafin a sabunta. Muka yi, imel ya buɗe, har muna sa masa albarka. Ni mai allurar shanu ne, ina na san mene ne TLS? Na ga dai ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa da ke saman allo ya ɓace, na ɗauka ado ne. Damina ta zo ta wuce, an yi girbi, ɗan lokacin nan bai ƙare ba. Saƙon muryar yana nan a wayata, ban goge ba.

Ku da ke Gusau ba ku san yadda muke turo saƙo ba. A Dauran ko Gurbin Bore sabis sai an hau tudu an ɗaga waya sama. Saboda haka sai na dawo Kaura, in zauna a wani shago kusa da tasha mai sayar da wayifai, ni da mutum ashirin ko talatin da ban san su ba, kowa da wayarsa ko kwamfutarsa. Daga nan na tura takardar Ardo Jabbi. Ban zargi mai shagon ba, bawan Allah ne mai neman abincinsa.

Na uku. Bayan girbi wata baƙuwar lamba ta kira Ardo da hantsi. Mai kiran ya gaishe shi da sunansa, ya faɗa masa yawan shanunsa daidai, babu ƙari babu ragi. Ya faɗi kwarin da suke kwana. Sannan ya ce, har da na marayun nan da ka ware, muna nan tafe mu gaisa. Ya kashe waya.

Ranka ya daɗe, maganar marayun nan wuri biyu kawai take a rubuce a duniya. Littafina, wanda ba ya rabuwa da jakar da ke kafaɗata, da kuma sabarku. Kafin la'asar Ardo ya tashi rugarsa, da mata da yara da tsofaffi, suka nausa wajen Shinkafi. 'Yan maruƙa biyu suka mutu a hanya. Kiwon da ya yi shekara da shekaru yana yi a wuri ɗaya, yini guda ya bar shi. Ni kuwa ban ji labari ba sai da na je da kular allura na tarar da turaku babu shanu. A rugar da ke kusa na yi sallama sau uku, mutane suna zaune suna kallona, babu wanda ya amsa. Wallahi tun da nake ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Na huɗu. Ina da maƙwabciya, Malama Rabi'atu, tana koyar da ilimin kwamfuta a nan Kaura. Maigidanta abokina ne, shi ya ce in kai mata wayar ta duba. Tana buɗe saitin ta ce, "Inna lillahi! Malam Lawali, wa ya sa ka yi wanga aiki?" Na kunna mata saƙon Injiniya. Sai ta haɗa wayata da kwamfutarta a kan wayifai ɗin gidansu, ta ce in koma zaure in tura wa kaina kowane irin saƙo. Na rubuta cewa jar saniya ta haihu. Kafin in dawo tsakar gida tana karanta wa mijinta saƙon a kwamfutarta, har da kalmar sirrina, harafi bayan harafi. Na samu wuri na zauna.

Ta yi mini bayani yadda zan gane. TLS ɗin nan shi ke kulle saƙo tun daga waya har ya isa saba, ko an tare shi a hanya ba a iya karantawa. Da muka zaɓi "babu", saƙonmu ya koma kamar wasiƙar da aka ba direban mota babu ambulan. Kuma kalmar sirrin da ke buɗe imel ita ce ke buɗe rumbun takardu, inda sunayen makiyayan ƙananan hukumomi uku suke jere. Ta ce laifin bai tsaya kan wayata ba, domin sabar da aka saita da kyau ko ka zaɓi "babu" ba za ta karɓe ka ba, korar ka za ta yi. Wani ne ya zauna ya buɗe mata wannan hanya da hannunsa. Na tambaye ta gyaran zai ci wata nawa. Ta ce wanda ya san aikinsa, tsakanin azahar da la'asar ya gama.

Tsakanin azahar da la'asar! Haba Injiniya! Haba!

Na biyar. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban san wanda ya kwashi takardar ba, ban kuma san ko a shagon tasha aka tare ta ko a wani wuri ba. Amma da na kawo muku wannan bayani, amsar da na samu ita ce wai ƙila ni na yi sakaci da littafina, wai kuma mutanen ƙauye ba su da abin da ɗan kutse zai nema. Subhanallahi. Wanda ya faɗi haka ya zo ya kwana biyu a Zurmi. A nan yawan shanun mutum da inda suke kwana ya fi lambar asusun banki haɗari, don a kan asusu dukiya ake rasawa, a kan wannan kuwa har da rai. Ni ban yi sakaci da littafi ba. Sakacina ɗaya ne, na yarda da ku, na kuma sa wani ya yarda da ni.

Yanzu ga inda muke. Ciwon huhu ya ɓulla a garkunan da ke wajen iyaka, allura tana cikin firij a Kaura, makiyaya sun ce ba mai taɓa musu saniya sai Ardo Jabbi ya yi magana. Makon jiya na same shi ran da Kasuwar Daji ke ci, a layin masu igiya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kalle ni ya ce, "Malam Lawali, ɗiyan cikina ban taɓa hwaɗa musu yawan bisashena ba. Kai ɗai na hwaɗa ma." Na yi ta rantsuwa ba ni na sayar da shi ba, na fara yi masa bayanin saba da kwaɗo. Ya ɗaga mini hannu in dakata. Ya ce shi bai san saba ba, bai ba saba amana ba, ni ya ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma ba alfarma nake nema ba.

Ku sabunta takardar shaidar sabar nan, ku mayar da kulle, ku toshe hanyar da ke karɓar saƙo babu tsaro ta yadda ko an so ba za a iya ba. Ku sa kowane ma'aikaci ya sauya kalmar sirri, domin waɗanda muke riƙe da su yanzu a kasuwa suke. Wanda wayarsa ta tsufa ba ta ɗaukar sabon tsari, ku ba shi wata, kada a sake cire wa gida ƙofa don makullin mutum ɗaya ya ƙi shiga. Ku raba takardun makiyaya da sauran takardu, kada mai share ofis da Darakta su zama daidai wajen ganinsu. Ku duba bayanan sabar ku gaya mana gaskiya, su wa suka shiga, kuma takardun su wa aka kwasa, don a sanar da mutane su san halin da suke ciki. Har sai an yi haka, ba zan ƙara turo sunan ko mutum ɗaya ba. In kun ga dama ku kira shi ƙin bin umarni.

Na ƙarshe shi ya fi mini duka. Ranka ya daɗe, ka taso da kanka, ko ka turo Injiniya, mu je gaban dattijon nan a gaya masa a bainar jama'arsa cewa kuskuren daga ofis ne. Ba takarda za ku aiko ba, ba ya karanta boko. Fuska yake so ya gani.

Da za mu rabu a kasuwa, har ya juya ya tafi, sai ya dawo ya tambaye ni ko tsakuwar nan tasa tana nan. Na ce tana nan. Ya ce in kawo masa abinsa kasuwa mai zuwa. Zan kai masa, don tasa ce. Abin da ban sani ba shi ne ko ni kaɗai zan je in miƙa masa gwangwanin in juyo, ko da wani daga cikinku a gefena.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. Allah ya shirya Injiniya ya buɗa masa basira. Allah ya tsare Ardo da iyalinsa da dukiyar marayun da ke hannunsa, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.

Wassalam.

Naku a bakin aiki,
Lawali mai allurar shanu,
Kaura Namoda.